Tarihin Shigar Hukuma cikin Sirrin Saƙonni da Wayoyin Jama'a a Chadi

Shigar hukuma cikin sirrin saƙonni ta ƙunshi duk hanyar da gwamnati ke bi ta karanta wasiƙar mutum, ta saurari hirarsa ta waya, ta buɗe na'urarsa, ko ta hana saƙonsa fita gaba ɗaya. A yau manyan hanyoyin huɗu ne: neman izinin alƙali a bincike waya, umartar kamfanin sadarwa ya miƙa bayanai ko ya katse sabis, dasa manhajar leƙen asiri a wayar mutum, da tilasta wa masu ƙera manhaja su bar ƙofar baya a kullen da ke kare saƙonni. A Chadi wannan tarihi ya girmi wayar salula. Ya faro daga takarda da ɗan rahoto a zamanin Hissène Habré, ya koma hannun kamfanonin waya a zamanin Idriss Déby, kuma ya iso unguwar Klemat ta Injamena a ranar 28 ga Fabrairun 2024. Tambayar da ke cikinsa guda ce tun farko: wane ne ke ba hukuma izinin shiga, kuma wa zai tuhume ta idan ta wuce gona da iri?

Birni da al'adar sirri

Klemat tana cikin gunduma ta biyu ta Injamena, birnin da Faransawa suka kafa a 1900 da sunan Fort-Lamy bayan yaƙin Kusuri da aka kashe Rabeh, aka kuma sauya masa suna a 1973. Tun farkon birnin Hausawa suka zauna a cikinsa, wasu mahajjata ne da suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka ta ƙasa, wasu fatake ne masu hulɗa da Kano da Maiduguri. Kasuwancin da suka gada ya ginu a kan amana da rufin asiri: bashin da ke kan wane, farashin da aka yi wa wane, kuɗin da aka aika ta hannun wane. Abin da a da ake damƙa wa ɗan aike a takarda, yanzu yana cikin saƙon murya a waya.

Al'adar mutanen yankin ta daɗe da sanin iyakar shiga. Baƙo yakan yi sallama ya tsaya a zaure sai an ba shi izini, kuma Suratul Hujurati ta haramta bin diddigin asirin mutane. Dokar ƙasa ma ta bi wannan layi a rubuce. Chadi ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa a 1995, wadda sashenta na 17 ya hana katsalandan ba bisa ƙa'ida ba a gidan mutum da wasiƙunsa, sannan tsarin mulkin 1996 ya tabbatar da alfarmar gida da sirrin wasiƙa da sadarwa. Tazarar da ke tsakanin wannan rubutu da abin da ake aikatawa ita ce jigon tarihin.

Zamanin takarda da ɗan rahoto, 1982 zuwa 1990

Habré ya karɓi mulki a watan Yunin 1982, kuma a Janairun 1983 ya kafa hukumar tattara bayanai da tsaro da aka sani da DDS, wadda take ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa kai tsaye. Ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Tana da 'yan rahoto a unguwanni da ma'aikatu da kasuwanni, kuma maganar da mutum ya yi a majalisa da yamma tana iya zama rubutaccen rahoto kafin gari ya waye. Babu alƙalin da ke sa hannu kafin a kama mutum ko a kwashe takardunsa. A 1987 aka mayar da wani wurin ninƙaya na zamanin Turawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen gari ke kira La Piscine. Kamen ya bi al'umma bayan al'umma: mutanen kudu a 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989.

Labarin Rose Lokissim ya nuna yadda hukumar ke ɗaukar saƙon da ya fita ba da saninta ba. Soja ce da aka kama a 1984, aka tsare ta a kurkukun da ake kira Les Locaux a Injamena. Tana rubuta sunayen waɗanda aka tsare da waɗanda suka mutu a kan guntayen takarda, tana fitar da su a ɓoye domin iyalansu su san halin da ake ciki. Aka tona mata asiri, aka kama rubutun, aka kashe ta a ranar 15 ga Mayun 1986. Laifinta shi ne aika saƙon da hukuma ba ta karanta ba.

Bayan faɗuwar Habré a Disambar 1990, kwamitin bincike ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000. A 2001 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch, Reed Brody da Olivier Bercault, suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa cikin ƙura: jerin sunayen fursunoni, rahotannin tambayoyi, takardun shaidar mutuwa. Da aka tantance su, an samu sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Har rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi wa Rose Lokissim yana ciki. Waɗannan takardu, haɗe da jajircewar mutane irin su Souleymane Guengueng da Clément Abaifouta da lauya Jacqueline Moudeina, su suka kai ga hukuncin ɗaurin rai da rai da kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré a ranar 30 ga Mayun 2016.

Takardun DDS sun bar darasi biyu. Hukumar da ke tattara sirrin mutane ba tare da mai sa mata ido ba, takan yi amfani da shi a kan mutanen. Kuma abin da aka tattara ba ya tafiya tare da wanda ya tattara shi, yana nan yana jiran hannun da zai zo baya.

Zuwan salula da ikon katse sabis

Gwamnatin Idriss Déby ta rushe DDS, amma aikin leƙen asirin cikin gida ya koma hannun sabuwar hukuma, wadda daga 1993 ake kira ANS, daga baya ta zama ANSE. Da salula ta bazu a farkon shekarun 2000, hirar jama'a ta tattaru a hannun kamfanoni ƙalilan. Biyu ne suka mamaye kasuwar: Celtel, wanda ya zama Zain sannan Airtel, da Tigo, wanda Maroc Telecom ya saya a 2019 ya zama Moov Africa. Kowane kamfani yana aiki da lasin ne daga gwamnati, kuma rumbunsa yana riƙe da bayanin wa ya kira wa, da wane lokaci, daga kusa da wane ƙarfen sabis. Kira da gajeren saƙo na yau da kullum ba a kulle suke daga kamfanin ba. Tunda ana rajistar layi da katin shaida, kowace lamba tana da suna a bayanta.

Wannan tsari ya ba hukuma iko na biyu da DDS ba ta taɓa samu ba, wato ta rufe bakin birni duka a lokaci guda. Lokacin da 'yan tawaye suka tunkari Injamena a farkon Fabrairun 2008, an katse layukan salula, kuma cikin wannan ruɗani ne aka ɗauke jagoran adawa Ibni Oumar Mahamat Saleh daga gidansa a ranar 3 ga wata, ba a sake ganinsa ba.

Dokokin 2014 da 2015

A 2014 aka kafa ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa da gidan waya. A Fabrairun 2015 aka fitar da dokoki huɗu a jere: mai lamba 006 da ta kafa hukumar tsaron na'urori ta ANSICE, mai lamba 007 kan kare bayanan mutum, mai lamba 008 kan hada-hada ta intanet, da mai lamba 009 kan laifukan intanet. A takarda wannan ci gaba ne, domin ya amince cewa bayanan mutum haƙƙinsa ne. Raunin tsarin shi ne hukuma ɗaya ce ta gwamnati aka ɗora wa tsaron na'urorin ƙasa da kuma kare bayanan ɗan ƙasa, alhali sau da yawa gwamnatin ce ake neman kariya daga gare ta.

Watanni kaɗan bayan haka Boko Haram ta kai hari hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su a Injamena ranar 15 ga Yuni, sannan babbar kasuwa ranar 11 ga Yuli. Mutane da dama sun rasu, kuma tsoron da ya biyo baya na gaskiya ne. A ƙarshen Yuli majalisa ta amince da dokar yaƙi da ta'addanci da ta tsawaita tsare wanda ake zargi zuwa kwana 30, tare da damar sabuntawa, kafin a gabatar da shi gaban alƙali. Mutumin da ke tsare tsawon wannan lokaci da wayarsa a hannun masu tsaronsa, babu kullen da zai kare saƙonninsa, domin lambar sirrin tana bakinsa.

Kulle saƙo da shekarun toshewa

A ranar 5 ga Afrilun 2016 WhatsApp ya sanar da cewa ya kulle dukkan saƙonni tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Ma'anar haka ita ce mabuɗin buɗe saƙon yana cikin wayoyin biyu kaɗai, kamfanin sadarwa da shi kansa WhatsApp ba sa iya karanta abin da ke wucewa. Kwana biyar bayan haka, ranar 10 ga Afrilu, Chadi ta yi zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet da gajeren saƙo, kuma shafukan sada zumunta suka zauna a toshe kusan wata takwas.

Ƙasar da ba ta da ƙarfin matsa wa kamfanonin Amurka su buɗe mata kulle, abin da ya rage mata shi ne ta rufe hanyar, ko ta kama mai wayar. Duka biyun sun faru. A ranar 30 ga Satumbar 2016 aka kama Tadjadine Mahamat Babouri, wanda aka fi sani da Mahadine, bayan ya sa bidiyo a Facebook yana sukar yadda ake sarrafa dukiyar ƙasa, kuma bai fito ba sai Afrilun 2018. Daga 28 ga Maris 2018, bayan taron da ya ba da shawarar sauya tsarin mulki, aka toshe WhatsApp da Facebook da Twitter har zuwa 13 ga Yulin 2019, kusan wata 16. Shugaba Déby ya ce dalilan tsaro ne. Wasu lauyoyi biyu 'yan ƙasar sun kai Airtel da Tigo ƙara a 2018, a nan ya fito fili cewa umarnin daga hukuma ya zo ta hannun ARCEP, kuma kotu ta yi watsi da ƙarar. A Yulin 2020 aka sake taƙaita WhatsApp bayan rikicin kasuwar Champ de Fil, da hujjar hana yaɗa saƙonnin ƙiyayya. A 2021 Amnesty International ta ce jimillar kwanakin da aka katse ko aka taƙaita intanet tun 2016 ta haura 900.

Talaka ne ya ɗauki nauyin. Ɗan kasuwar da ya saba ɗaukar hoton atamfa ya aika wa dillalinsa a Kantin Kwari, ya ji farashi ta saƙon murya kafin azahar, sai ya koma kiran ƙetare mai cin kati, ko ya sauke manhajar VPN da ke zagaye toshewar tana kuma zuƙe data a ƙasar da data ke da tsada. VPN na kyauta kuwa sau da yawa ba a san mai shi ba, don haka mutumin da ke gudun idon hukuma yakan miƙa bayanansa ga baƙon da bai sani ba.

Muhawarar ƙofar baya a duniya

Manyan ƙasashe sun bi wata hanya dabam, ta neman a gina musu mashiga tun daga masana'anta. A 1993 gwamnatin Amurka ta gabatar da Clipper, wani ɗan guntun na'ura mai kulle hira wanda hukuma ke ajiye kwafin mabuɗinsa. A 1994 masani Matt Blaze ya gano lahani a tsarin, kuma zuwa 1996 shirin ya mutu. A 2016 FBI ta nemi kotu ta tilasta wa Apple ya rubuta manhajar buɗe wayar ɗaya daga maharan San Bernardino, kamfanin ya ƙi, hukumar ta janye bayan ta samu wata hanya. A 2025 Apple ya janye tsarinsa na kulle ajiya mafi ƙarfi daga Birtaniya bayan gwamnati ta nemi mashiga ƙarƙashin dokarta ta 2016.

Hujjar hukumomi ita ce masu kisa da satar mutane suna fakewa da kulle. Amsar masana kuma ita ce ƙofar baya kamar a ce kowane magidanci ya ajiye safayan mabuɗin gidansa a wuri guda ne: ranar da ɓarawo ya san wurin, unguwa duka ta buɗe. Tarihi ya gaskata su. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu da ba a tabbatar da ko su wane ne ba sun shiga tsarin sauraro na halal da ke cikin na'urorin Vodafone, suka saurari wayoyi sama da 100, har da ta firaminista. A 2024 aka gano masu kutse da ake dangantawa da Sin sun shiga kamfanonin wayar Amurka, har tsarin da aka tanada domin sauraron da kotu ta ba da izini. A 2020 kuma aka bayyana cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin kulle saƙo, mallakin hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma ne a ɓoye tun 1970. Libiya tana cikin masu sayen, a shekarun da take yaƙi a arewacin Chadi. Gwamnatin da ta yarda da kulle mai rauni, nata sirrin ma a buɗe yake.

Akwai kuma hanyar da ke tsallake kullen gaba ɗaya. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila tana shiga wayar kanta ta karanta saƙo bayan ya buɗe, kuma masu bincike sun same ta a wayoyin malaman coci da 'yan adawa a Togo. A ɓangaren izinin alƙali, kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2014 cewa ɗan sanda ba zai bincike wayar wanda ya kama ba sai da waranti, saboda abin da waya ke ɗauke da shi ya fi abin da ke cikin aljihu nesa ba kusa ba.

Maƙwabta

A Najeriya, ƙa'idojin hukumar NCC na 2019 sun tanadi waranti daga alƙali kafin a tatsi saƙo, amma sun ba da damar farawa ba tare da shi ba a halin gaggawa, sun kuma wajabta wa kamfani miƙa mabuɗin saƙon da aka kulle idan yana hannunsa. A Satumbar 2021 aka katse sabis a faɗin jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. A Nijar, dokar Mayun 2020 ta sa izinin tatsar saƙo a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. Wannan ya saɓa wa ƙa'idojin da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta amince da su a 2019, waɗanda suka nemi izini daga hukuma mai zaman kanta kafin a sa ido kan mutum, suka kuma gargaɗi ƙasashe game da raunana kulle ta ƙofar baya ko ajiyar mabuɗi.

Klemat, 28 ga Fabrairun 2024

Yaya Dillo, ɗan'uwa ne ga iyalan Déby, ya shiga rikici da hukuma a fili a 2020 saboda bidiyon da ya sa a intanet yana zargin gidauniyar matar shugaban ƙasa. A ranar 28 ga Fabrairun 2021 jami'an tsaro suka je kama shi a gidansa, mahaifiyarsa ta rasa ranta a harbin, aka kuma katse intanet. Shekara uku cif bayan haka, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Mahamat Déby, ɗan Idriss Déby, ta zargi jam'iyyarsa ta PSF da kai hari ofishin ANSE da dare. A wannan rana ta 28 ga Fabrairun 2024, sojoji suka kewaye hedikwatar jam'iyyar a Klemat, aka ji harbe-harbe, intanet ta ɗauke a birnin. Gwamnati ta ce Dillo ya mutu ne a musayar wuta bayan ya ƙi miƙa wuya. Jam'iyyarsa ta ce kashe shi aka yi da gangan. Cikin kwanaki biyu aka rushe ginin.

Katse sabis a wannan rana ya hana mazauna unguwar sanar da 'yan'uwansu halin da suke ciki, ya kuma rage shaidar da za ta iya raba gardama tsakanin maganganun biyu. A shekarar da ta biyo baya, saƙon murya da kansa ya zama hujja a kotu. An kama tsohon firaminista Succès Masra a ranar 16 ga Mayun 2025 bayan rikicin Mandakao da ya ci rayuka 42, masu gabatar da ƙara suka dogara da wani saƙon murya nasa cikin harshen Ngambay, lauyoyinsa suka ce tsohon saƙo ne na 2023 da ba shi da alaƙa da rikicin. A watan Agusta aka yanke masa shekara 20.

Abin da tarihin ya nuna

Babu mai hankalin da zai hana hukuma bin sawun wanda ya dasa bam a kasuwa. Abin da tarihin Chadi ya koyar shi ne duk ikon da aka ba kujera, wanda zai hau ta gobe shi ma zai gaje shi. Cikin shugabannin ƙasar, an kashe Tombalbaye a 1975, Malloum ya sauka cikin yaƙi a 1979, an kori Goukouni a 1982, Habré ya gudu a 1990, Idriss Déby ya rasu a fagen daga a 2021. A irin wannan ƙasa, wanda ke riƙe da mabuɗi yau yana iya zama wanda ake buɗe wayarsa gobe.

Saboda haka gyaran da ake buƙata a bayyane yake. Kada a buɗe wayar mutum sai da izinin alƙali a rubuce, mai ɗauke da sunan wanda ake bincike da laifin da ake zarginsa da iyakar lokaci. Umarnin katse sabis ya zama rubutacce, a san wanda ya sa hannu, kotu ta iya soke shi. Hukumar kare bayanan jama'a ta rabu da hukumar tsaro. Kullen saƙo kuma a bar shi da ƙarfinsa, domin shi ke kare ɗan kasuwa da ɗan jarida da minista daidai wa daida. Chadi ta riga ta rubuta haƙƙin sirrin sadarwa a tsarin mulkinta, saura ta ba alƙalai ikon tilasta shi a kan kowa, har da hukumomin tsaro.